Amsa Kan Tunanin da Ke Sace Hankali a Salla da Wuridi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaida malamanmu da iyayenmu da ke cikin wannan zaure, da sauran 'yan'uwa maza da mata, tare da yi mana barka da haƙuri da zafin bazara. Wannan murya amsa ce ga ƙaninmu mai shagon yadi a Babbar Kasuwa, wanda ya turo tambaya daren jiya. Ga wanda bai saurara ba, cewa ya yi da zarar ya yi kabbarar harama sai lissafin shago da bashin da yake bin mutane su cika masa zuciya, haka ma idan ya zauna wuridi bayan asuba. Duk sa'ad da ya dage zai kori tunanin sai ya ƙaru. Har ya soma ganin gara ya ajiye tasbaha tunda harshe ne kaɗai ke motsi, kuma yana tsoron kada wannan ya zama alamar munafunci.

Ƙanena, kada ka ajiye tasbahar nan. Damuwarka ta taso ne daga haɗa abubuwa uku wuri ɗaya kana yi musu hukunci guda, alhali kowanne da matsayinsa. Akwai tunanin da ke faɗowa cikin zuciya, akwai hankalin da kake miƙa wa tunanin, sannan akwai farkawar da ke sa ka gane inda hankalin naka ya tafi.

Shi tunani ba kai kake kiransa ba, zuwa yake yi. Malaman tarbiyya suna ce masa khaɗir, kuma babu wanda aka ɗora wa hana shi zuwa, domin hakan ba ya cikin ikon ɗan Adam. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce Allah ya yafe wa al'ummarsa abin da zukatansu suka raya matuƙar ba su aikata ba ko ba su furta ba. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya bi sawun wannan al'amari daki-daki: da farko abu ne ke faɗowa, sai rai ya karkata gare shi, sai zuciya ta yanke cewa ya kamata a yi, sai kuma a ƙulla niyya. Na farko da na biyu ba a kama bawa da su, saboda ba zaɓinsa ba ne. Kai mai shago ne, ka san ba ka da iko a kan wanda zai gifta ta ƙofar shagonka. Ikonka yana kan wanda ka yi wa maraba, ka ba shi benci, ka shiga warware masa yadi. Giftawar ita ce tunani, ba da bencin kuma shi ne miƙa hankali, kuma a kan na biyun ne ake maganar lada da raguwarsa.

Lada kuwa yana raguwa, ba zan ɓoye maka ba. Abu Dawuda ya ruwaito daga Ammar bin Yasir cewa mutum yakan idar da salla ba a rubuta masa komai ba sai ɗaya bisa goma nata, ko ɗaya bisa tara, har zuwa rabi. Amma ka koma ga Ahalari, wanda dukanmu muka karanta a zaure tun muna yara. A babin rafkanuwa ya ce wanda tunaninsa ya ɗan yi yawo cikin al'amuran duniya ladansa ya ragu, amma sallarsa ba ta ɓaci ba. Littafin nan da ya ce salla tana da haske mai girma wanda masu khushu'i kaɗai ke samu, shi ne dai ya ba ka wannan sauƙi. Saboda haka sallolinka na baya suna nan, babu ramuwa a kanka.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe, kuma shi ne dalilin da ya sa na zaɓi in amsa da murya maimakon rubutu. Lokacin da kake raka'a ta biyu, zuciyarka tana can tana ƙirga bandir, wane ne ya sanar da kai cewa ka bar masallaci? Babu wanda ya taɓa ka, liman bai juyo ba. Wani abu ne a cikinka ya farka ya ga halin da kake ciki. Kai kana ɗaukar wannan lokaci a matsayin lokacin da aka kama ka da laifi, sai ka cika da haushin kanka, ka ɓata sauran raka'ar wajen zargi. Ni kuwa ina ganin shi ne lokaci mafi daraja a sallar, domin a daidai nan ne gafala ta yanke. Mai cikakkiyar gafala ba ya sanin yana cikinta. Yakan yi sallama ya shafa ya tashi, zuciyarsa wasai, bai taɓa turo tambaya irin taka ba. Ka duba aya ta 201 a Suratul A'araf, inda Allah ya siffanta masu taƙawa. Bai ce Shaiɗan ba ya shafarsu ba. Ya ce idan wani abu daga Shaiɗan ya shafe su sai su tuna, sai ga su suna gani. Shafar tana nan, abin yabon shi ne tunawar. Wanda ya ɓace sau ashirin cikin salla ɗaya ya dawo sau ashirin, ya tuna Allah sau ashirin da gangan, kuma da irin wannan dawowar ne zuciya ke koyon zama.

Game da munafunci kuwa, an riga ka jin wannan tsoro. Muslim ya ruwaito cewa Hanzala, ɗaya daga cikin marubutan Annabi, ya gamu da Sayyidina Abubakar ya ce masa Hanzala ya yi munafunci, saboda idan suna gaban Annabi ana ambaton wuta da aljanna kamar suna ganinsu da ido, amma da sun koma ga iyali da dukiya sai su manta da yawa. Abubakar ya ce shi ma yana samun haka. Da suka je wurin Manzon Allah sai ya ce da za su dawwama a kan halin da suke ciki a wurinsa, da mala'iku sun yi musabaha da su a kan shimfiɗunsu da hanyoyinsu, amma, ya Hanzala, sa'a da sa'a. Idan Siddiƙu ya ga hawa da sauka a zuciyarsa, to hawa da sauka ba munafunci ba ne.

Sai dai akwai rami a nan wanda masu himma ne suka fi faɗawa. Mutum yakan ji an yabi lura da zuciya, sai ya mayar da sallarsa gaba ɗaya wurin leƙen kansa: yanzu ina da khushu'i ko ba ni da shi, hawaye zai zo ko ba zai zo ba, sallar yau ta fi ta jiya ko ba ta kai ba. Wannan ma shagala ce, ta sa rigar ibada ne kawai. Wani lokaci har ta fi lissafin shago haɗari, domin ranar da ya ji daɗin sallar sai jiji da kai ya shigo, ya soma ganin na kusa da shi a sahu bai kai shi ba. Muraƙaba, kamar yadda hadisin Jibrilu ya koyar, ita ce ka bauta wa Allah kamar kana ganinsa, in ba ka ganinsa to shi yana ganinka. Abin da ake so ya cika zuciya shi ne sanin cewa ana ganinka, ba kallon kanka ba. Aikin farkawa gajere ne: ta gane ka tafi, ta mayar da kai kan ayar da ake karantawa, sannan ta yi shiru. Shi ya sa Gazali ya ba kowane abu lokacinsa, gindaya wa rai sharaɗi kafin aiki, muraƙaba a cikin aiki, hisabi bayan an gama. Sujada ba wurin yi wa kai hisabi ba ce. Ka bar shi sai ka yi sallama, ko sai dare idan za ka kwanta. Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da ya rasu a garin nan na Sakkwato a 1817, bai ware wannan ilimi ya bar wa wasu keɓantattu ba. A kan Musulunci da imani da ihsani ya gina karantarwarsa, yana koyar da cututtukan zuciya da maganinsu kamar yadda yake koyar da alwala.

Ka ce kana kora yana ƙaruwa. Haka abin yake, domin kafin ka kori abu sai ka fuskance shi, fuskantar kuwa ita ce ba shi hankalin da yake nema. Har masana halayyar ɗan Adam sun gwada wannan: a 1987 wani masani a Amurka, Daniel Wegner, ya ce wa mutane kada su tuna wata farar dabba na tsawon minti 5, sai ga shi tana ta faɗo musu, kuma da aka sake su suka fi waɗanda ba a hana ba tunaninta. Zuciya ba ta zama fanko, sai dai a ba ta abin yi. Abin yin kuwa yana bakinka, wato Fatiha. A hadisin ƙudusi da Muslim ya ruwaito, Allah yana cewa ya raba salla tsakaninsa da bawansa gida biyu. Idan bawa ya ce Alhamdu lillahi Rabbil alamin, sai Allah ya ce bawana ya gode mini, haka aya bayan aya. Ummu Salama ta ba da labarin cewa Annabi yana yanka karatunsa aya-aya. Ka gwada haka idan kana salla kai kaɗai: ka karanta aya, ka tsaya gwargwadon numfashi, kana sane da cewa an amsa maka. Wanda bai san ma'anar Fatiha da gajerun surorin da yake karantawa ba, ya nemi malami ya fassara masa, domin da wuya hankali ya zauna a kan abin da bai fahimta ba.

Akwai kuma wani ma'auni da Imamu Ƙushairi ya kawo daga Junaidu, wanda nake ganin ya dace da kai sosai. Ya ce rai idan yana son abu nacewa yake yi a kan abin nan guda, ya tafi ya dawo. Shaiɗan kuwa idan ka ƙi masa wannan sai ya kawo wancan, don ba ruwansa da ko wanne ne, muddin ka shagala. Maganin na biyu neman tsari ne. Usman bin Abil As ya kai kuka cewa Shaiɗan yana shiga tsakaninsa da sallarsa, Annabi ya ce masa wannan shaiɗani ne da ake kira Khinzab, ya nemi tsarin Allah ya yi tofi ta hagu sau uku. Ya yi, Allah ya tafiyar masa da shi. Amma kai ka ce kullum bashi ne da lissafi, abu ɗaya ke dawowa. Wannan yana nuna tushensa yana wajen salla, kuma can ne za a yi maganinsa. Sallar ba ta ƙirƙiro maka damuwar ba, ta dai nuna maka abin da zuciya ta wuni tana ɗauke da shi, saboda ita ce lokaci na farko tun safe da ka yi shiru. Ka rubuta bashin nan a littafi, kowa da sunansa da ranar da ya yi alkawari. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Abin da aka rubuta, zuciya takan daina tsoron mantawa da shi. Ka rufe shago da kiran salla, ba da tayar da iƙama ba, domin wanda ya fito daga tsakiyar ciniki da gudu ya riski ruku'u, cinikin ya shigo da shi sahu. Wayarka ma ka kashe ta tun daga wurin alwala. Annabi da kansa ya yi salla da wani mayafi mai zane, da ya idar sai ya ce a mayar wa Abu Jahm a karɓo masa marar zane, domin ya ɗauke masa hankali. Kuma ya hana salla idan an ajiye abinci ko mutum yana matse da bawali ko bayan gida.

Batun wuridi, Ibnu Aɗa'illah na Iskandariyya, wanda ya rasu a 709 bayan Hijira, ya amsa maka tuntuni. Ya ce kada ka bar zikiri don rashin halartar zuciyarka a cikinsa, domin gafalarka ga barin zikirin ta fi gafalarka a cikin zikirin tsanani, kuma mai yiwuwa ne Allah ya ɗaga ka daga zikiri tare da gafala zuwa zikiri tare da farkawa, daga nan zuwa zikiri tare da halarta. Idan ƙirgar ce ke sa ka gaggawa, ka rage sauri ko da zaman zai yi tsawo, in kuwa wuridi ne da aka ba ka da adadi, ka koma ga wanda ya ba ka ka shaida masa halin da kake ciki, kada ka rage da ra'ayinka.

Saura magana ɗaya, ba don mai tambaya kaɗai ba, don na san akwai masu saurare da abin nasu ya wuce nan. Akwai wanda waswasi ke sa shi maimaita alwala har salla ta wuce shi, ko ya yi ta yanke kabbara yana sake niyya. Ahalari ya ce mai waswasi ya watsar da waswasin, kada ya kawo abin da yake kokwanto a kansa, ya yi ba'adi kawai. Idan an bi wannan abin bai lafa ba, har yana hana barci ko sana'a ko zaman lafiya da iyali, to larura ce da likitoci suka sani kuma suna da maganinta, kuma zuwa asibiti ba rauni ba ne a imani. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana nan Kware, asibitin koyarwa na jami'a kuma yana cikin gari. A je a ga likita, a ci gaba da addu'a. Tafsilin ƙabli da ba'adi kuwa na bar wa malamanmu na fiƙihu da ke cikin zauren, ina roƙon su ƙara mana bayani idan sun samu sarari. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.