Za mu iya sayar da tsofaffin littattafai mu gyara laburaren garinmu?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah shi gafarta Malam, ni ne sakataren wata ƙungiyar tsofaffin ɗalibai a nan Jihar Kebbi. Laburaren garinmu, inda da yawanmu muka yi karatun jarrabawa, ya koma abin tausayi: fankoki sun mutu, kujeru sun kakkarye, jarida ma an daina kawowa. Wani ɗan ƙungiya da ya yi karatu a Ingila ya ce can mutane kan tara littattafan da suka gama da su, a sayar, a ba laburare kuɗin. Abin ya burge mu. Ma'aikacin wurin kuma ya nuna muna wani ɗaki maƙare da tsofaffin littattafai da ba mai taɓa su, ya ce in muna so mu haɗa da su. Shin wannan hanya za ta yi a nan wurinmu? Ta ina za mu fara?

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam sakatare. Allah ya saka maku da alheri da kuka tuna da inda kuka sha inuwa.

Za ta yi. Amma bari in fara da ɗakin nan da aka nuna maku, domin a bakin ƙofarsa za ku iya zamewa tun ba ku ɗaga ƙafa ba. Duk littafin da ke ɗauke da hatimin laburare da lambar rajista, dukiyar gwamnati ne, daidai da kujerar ofis ko motar ma'aikata. Ma'aikacin da ya ce ku kwashe na san da kyakkyawar niyya ya faɗa, sai dai ba shi da ikon bayar da su, ku kuma ba ku da ikon karɓa. A aikinmu na laburare akan tsince littattafan da suka lalace ko suka tsufa, kamar yadda manomi ke cire ciyawa don gero ya sha iska, amma abin yana da hanya. A rubuta jerin sunayensu, a tura wa hukumar da ke kula da laburaren, a turo kwamiti ya gani da ido, a ba da izini a rubuce, a soke hatimin. Ko an sayar bayan haka, baitulmalin gwamnati kuɗin za su tafi, ba aljihun ƙungiya ba. Na taɓa aiki da wani bawan Allah da ya tausaya wa ɗaki irin wannan, ya cika buhuna ya ba masu naɗin ƙosai don a sami wurin saka tebura. Da masu binciken kaya suka zo da rajista a hannu, ba wanda ya tambayi niyyarsa. Takardar tuhuma aka miƙa masa, ya daɗe yana biya daga albashi.

Akwai kuma wani dalilin da ya sa nake jin tsoron ɗakunan da "ba mai taɓa su". A irinsu ake tsintar tsofaffin kwafin Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa tun 1939, da bugun farko na littattafan da aka buga a Zariya, da rahotannin zamanin En'e na tsohon Lardin Sakkwato, abubuwan da in sun tafi sun tafi ke nan. Ƙasar da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ya yi rubuce-rubucensa a Gwandu ba ƙasa ce da ake auna tsohuwar takarda da kilo ido rufe ba. Ko a cikin kayan da mutane za su kawo maku, in kuka ci karo da rubutun hannu na Larabci ko na ajami, kada ku sa masa farashi. Ku mayar wa mai shi, ku nuna masa hanyar masu adana irin waɗannan, kamar Gidan Arewa a Kaduna ko cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato.

Abin da ɗan'uwanku ya gani a Ingila gaskiya ne, a Amurka ma ya fi yawa. Ƙungiyoyi ne da ke kiran kansu abokan laburare, suna da shugabanninsu da asusunsu daban da na gwamnati. Abin yana tafiya a can saboda gidaje sun cika da littattafai har masu su na neman inda za su kai. A nan ba haka ba ne. Mai littafi yana riƙon abinsa, mai saye kuma ba ya saye sai da buƙata. Don haka ribarku ba ranar kasuwa za a ƙulla ta ba, tun wajen tarawa da tantancewa ne.

Ku ba tarawar wata biyu aƙalla, ba a fafe gora ranar tafiya. Ku bi malaman Kwalejin Waziri Umaru da na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da jami'ar Aliero, da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu. Ku bi ma'aikatan da suka yi ritaya, da ɗaliban da suka kammala, da masu hidimar ƙasa sa'ad da suke ɗaure kayan komawa gida, domin littafi nauyi ne ga mai doguwar tafiya. Sanarwa a rediyo da Facebook tana da amfani, amma sallama a ƙofar gida ta fi ta kawo kwali. Ku faɗa wa kowa ƙarara cewa sayarwa za a yi. Dattijon da ya ba da littafinsa yana zaton kan kantar laburare za a ɗora, ya wayi gari ya gan shi a hannun mai shayi, kun rasa shi, kun rasa duk majalisarsa.

Kaya huɗu za su zo maku da ba su sayuwa, kome kyansu. Littattafan mamaci gado ne, sai magada sun yarda. Ɗa ɗaya ba zai kwaso na mahaifinsu ya kawo ba alhali akwai marayu a ciki. Alƙur'anai da littattafan da aka rubuta wa waƙafi, ku kai masallaci ko makarantar Islamiyya, in kuwa kun rikice ku tambayi malamai. Littattafan firamare da ƙaramar sakandare da gwamnati ke rabawa kyauta an buga masu cewa ba na sayarwa ba ne, ku mayar da su makaranta. Sai na satar fasaha, waɗanda za ku gane su da dusasshen bugu da takarda mai shara-shara: abin kunya ne a ce da sunan laburare aka sayar da haƙƙin marubuci, ga dokar haƙƙin mallaka ta 2022 na nan.

In an gama tarawa, ma'aikacin laburare shi ke fara zaɓe, kafin kowane ɗan ƙungiya ya sa hannu. Abin da kantocinsa ke buƙata ya ɗauka a shigar a rajista. Sau da yawa wannan zaɓen kaɗai ya fi kuɗin da za a samu daraja.

Ragowar sai ku kasa su bisa ga wanda zai saya, ba bisa tsarin da muke jera su a laburare ba. Abin da ke tafiya da wuri sananne ne: lissafi, Turanci, kimiyyar sakandare, tsofaffin tambayoyin JAMB da WAEC da NECO, ƙamus, littattafan jinya da ungozoma, na fiƙihu da hadisi, labaran Hausa, da na yara masu hotuna. Ku lura da littattafan adabi, domin WAEC kan sauya jerinta bayan 'yan shekaru. Wanda aka yi da shi daga 2021 zuwa 2025 ya wuce, kada ku bar yaro ya saya da zaton shi zai fito. Abin da ba ya motsi kuwa shi ne ya fi nauyi: manyan kundayen sani na shekarun 1970, littattafan kwamfuta na zamanin da, tsofaffin littattafan haraji da na magani. Na maganin ma ban yarda a sayar wa ɗalibi ba, domin abin da aka sani ya canza. Kowane littafi a karkaɗe shi a buɗe. Wanda gara ta shiga ko ya yi funfuna a ware shi nesa nan take, tun bai shafa wa na kusa ba, kuma kada kwali ya kwana a ƙasa ko jikin bango. Yagaggun shafuka masu ayoyi ba sa shiga kayan masu naɗin tsire. A ƙona su ko a binne cikin ladabi.

Farashi kuma kada ku wahalar da kanku da rubuta wa kowane littafi nasa. Ku yi yadda mai tumatir ke yi, kashi-kashi: teburin naira 200, na 500, na 1,000, sai ƙaramin teburi na musamman ga manyan littattafai masu kyau, su ma kada su kai rabin kuɗin sabo. Mutanenmu ba sa jin sun yi sayayya in ba su yi tayi ba, kuma in kowane ɗan ƙungiya zai yi ragi ga abokinsa, da la'asar akwatin zai zama fanko. Ku toshe wannan da gyara: wanda ya sayi huɗu a ƙara masa ɗaya. Wurin biyan kuɗi ya zama ɗaya, mutum biyu a zaune, da rasit mai lamba, tiransifa kuma asusun ƙungiya kaɗai.

Ga lissafin da nake so ku yi tun yanzu don kada gwiwa ta yi sanyi daga baya. A ce kun tara littafi 800, kun ware 300 da ba su sayuwa, kun sayar da 350 daga cikin sauran a kan matsakaicin naira 500. Naira 175,000 ke nan, kafin a cire hayar rumfa da kujeru da kuɗin Keke. Wannan ba zai sake rufi ba. Zai gyara kujeru, ya sayi fanka ko biyu, ya biya jarida na wani lokaci. Saboda haka ku nemi aron rumfa da tebura, kada ku buga riguna, kada ku yi walima. Ku kuma ajiye akwatin gudummawa a gefe. Akwai alhajin da ba ya buƙatar littafi amma ba zai so a ce ya zo ya tafi hannu rabbana ba.

Za a ce maku ku yi ranar 23 ga Afrilu, ranar littafi ta duniya. Wanda ya tsai da ranar bai taɓa tsayuwa a rana a Birnin Kebbi cikin Afrilu ba. Damina kuwa abokiyar gabar takarda ce. Ni dai ƙarshen Janairu nake zaɓa: an yi albashi, manoma sun sayar da amfani, makarantu sun koma, masu shirin jarrabawa na neman abin karatu. Ku dai duba kada ya faɗa cikin azumi ko hidimar Sallah. Ku yi a harabar laburaren kansa, kwana biyu, don wanda ya zo saye ya leƙa ya ga halin da ciki yake. Ku ware wa mata da 'yan makarantar mata safiya guda, za ku yi mamakin yadda teburin labarai zai ƙare. Takardar izini daga hukuma ta zo hannu tukuna, a kuma kai gaisuwa ga uban ƙasa. Wani ɗan abu: a sanarwarku ku ce "masu taimakon laburare". Kalmar 'yan sa-kai ta ɗauki wata ma'ana a yankin nan namu, kada a zaci wani taron ne.

Sai babbar magana, kuɗin. Kada ku miƙa tsaba ga kowa, ba don ma'aikacin ɓarawo ba ne, sai don kuɗin da ya shiga hannun ofis bisa ƙa'ida asusun gwamnati yake nufa, kuma fitowarsa a matsayin fanka sai an yi ta rubuce-rubuce. Ku buɗe asusu da sunan ƙungiya, mutum uku su sa hannu, biyu su isa a fitar. In kuna nufin abin ya ɗore ku yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni a matsayin ƙungiya mai kwamitin amintattu, banki ma zai nemi takardar. Ku zauna da ma'aikacin ya rubuta buƙatunsa bi da bi, ku sayo da kanku, a miƙa da takarda, a shigar a rajistar kaya. A nawa ganin, yoyo da gara su ne na farko, sannan haske da iska, ko da ƙaramar sola ce, sannan jarida, sabbin littattafai a ƙarshe. Ɗalibi yakan zo da littafinsa. Abin da ba ya da shi a gida shi ne wuri mai shiru da fitila.

Cikin mako guda ku manna lissafin a bangon laburare, abin da ya shigo da abin da ya fita har kwabo, ku tura wa duk wanda ya ba da ko littafi ɗaya. Gani ya kori ji. Kwafin lissafin da hotunan gyaran kuma ku ɗauka ku kai wa hukuma da ɗan majalisarku, ku ce ga abin da talakawa suka yi da tsofaffin littattafai, saura rufi da albashin mai gadi, waɗanda ba aikinku ba ne.

Abin da ya yi kwantai kada ku mayar da shi cikin laburaren, in ba haka ba kun gina ɗaki na biyu irin wanda aka nuna maku. Masu kyau a raba wa makarantun ƙauye da gidan gyaran hali, kwali biyu ko uku na zaɓaɓɓu a ɗora kan katako don baɗi, sauran a auna wa masu sayen takarda kafin ruwan farko ya sauka.