Tambaya da Amsa: Gargaɗin Tsunami da Abin da Kafafen Labarai Ke Faɗa

Tambaya: Assalamu alaikum. Lokacin girgizar ƙasar Kamchatka ta Rasha a Yulin 2025, an yi ta shelar cewa tsunami na tunkarar Japan da Hawaii, aka kwashe jama'a, daga baya kuma shiru kake ji. 'Yan jarida ne ke zuzuta abu, ko masana ne ba su iya aikinsu ba? (Wani mai karatu daga Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Gargaɗin farko ƙiyasi ne, kuma dole a yi shi da gaggawa, domin a tsakiyar teku igiyar tsunami, wato babbar igiyar ruwa da girgizar ƙasa ke tayarwa, tana gudun kusan kilomita 800 a awa. Cikin 'yan mintuna Cibiyar Gargaɗin Tsunami ta Pasifik da ke Hawaii take fitar da sanarwa, alhali abu uku kawai ke hannunta: inda girgizar ta auku, zurfinta da ƙarfinta. Sai igiyar ta bi ta kan na'urorin DART, masu auna nauyin ruwa a ƙasan teku, sannan a san girmanta a gyara sanarwar.

Ƙiyasin kan yi yawa, yakan kuma gaza, kuma gazawar ce ke kisa. Ranar 11 ga Maris 2011, hukumar kula da yanayi ta Japan ta ce ƙarfin girgizar da ta auku a ranar maki 7.9 ne, ta yi hasashen igiyar mita 3 a gaɓar yankin Iwate na ƙasar. Ashe girgizar ta kai maki 9. Kafin a ɗaga adadin zuwa sama da mita 10 wuta ta ɗauke a garuruwa da dama, wasu kuma sun riga sun dogara da katangar da aka gina don tare ruwan teku. Kimanin mutum 18,000 suka mutu ko suka ɓace. Tun 2013, idan girgiza ta yi girma ƙwarai, hukumar ba ta ba da lamba a sanarwar farko, "gagarumar igiya" kawai take cewa.

Laifin 'yan jarida, a ganinmu, yana wajen cakuɗa matakai. Akwai sanarwar a zauna cikin shiri, akwai ta a nisanci bakin ruwa, akwai ta a gudu tudu, amma duk sai a fassara su da "gargaɗi". Wasu kuma su ɗora bidiyon 2011 a kan labarin yau. Mafi muni shi ne kiran kwashe jama'a "aikin banza" don igiyar ba ta wuce mita ɗaya ba, alhali ruwan tsunami da ya kai gwiwa yana kayar da ƙato. Kafin ka tura labari, duba hukumar da ta fitar da shi, da matakin, da sa'ar da aka sake shi.

Tambaya: Ɗana na karatu a Indunusiya kusa da teku. Me zan gaya masa? (Wata mai karatu daga Maraɗi)

Amsa: Hajiya, ki ce masa kada ya jira waya ko rediyo. A birnin Palu na Indunusiya, ranar 28 ga Satumba 2018, ruwa ya shigo gari 'yan mintuna bayan girgizar. Idan ƙasa ta girgiza har tsayuwa ta gagara, ko ta daɗe tana rawa, ko teku ya janye har ƙasansa ta bayyana, ya nufi tudu ko saman dogon gini mai ƙarfi, a ƙafa, don mota cunkoso take haddasawa. Kada ya sauko bayan igiyar farko. Ta biyu ko ta uku kan fi ta girma, kuma tsakaninsu kan kai awa guda. Ya jira BMKG, hukumar kula da yanayi da girgizar ƙasa ta Indunusiya, da jami'an garin su ce a koma.