Hukuncin Buga Misali da Sunayen Annabawa a Salon Maganar Turawa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah Ya ƙara lafiya. Ni malama ce, ina koyar da Turanci a makarantar sakandare. A manhaja akwai kwatancen da Turawa ke yi da sunayen mutane, su ce wane ya kai Job haƙuri, ya kai Solomon hikima, ya kai Croesus dukiya, ya kai Hercules ƙarfi. Zuciyata ba ta kwanta ba, ganin wasu sunayen na annabawa ne, wasu kuma na gumaka. Ya halatta in koyar, in kuma yi amfani da su?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya saka miki da alheri, malama, da wannan tsantseni.

Asalin buga misali da sunan wanda ya shahara da wani hali halal ne, kuma Turawa ba su fara shi ba. Larabawa na cewa wane ya fi Hatim kyauta, alhali Hatimuɗ Ɗa'i a jahiliyya ya mutu. Ka'abu ɗan Zuhairu ya rera waƙarsa a gaban Manzon Allah (SAW), a ciki ya buga misali da alƙawuran Urƙubu, mutumin da ya yi suna wajen saɓa alƙawari, ba a hana shi ba. Don haka Croesus, sarkin Lidiya na ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa, ba shi da matsala. Mu ma Ƙaruna muke kira idan ana zancen dukiya.

Sunayen annabawa su ne wurin tsayawa. Job shi ne Annabi Ayuba, wanda Allah Ya ce Ya same shi mai haƙuri (Sad: 44). Solomon shi ne Annabi Sulaiman, wanda Allah Ya fahimtar da shi hukunci (Anbiya: 79). A nan maganar Turawa ta dace da Alƙur'ani. Annabi (SAW) da kansa ya ce wa Abu Musa Al-Ash'ari, da ya ji karatunsa, an ba shi sarewa daga sarewun iyalan Dawuda. Bukhari da Muslim suka ruwaito. Kamantawa a kan yabo da girmamawa tana da asali ke nan, muddin ana nufin mutum ya ɗebi wani rabo na halin. Amma a ce wane ya fi Sulaiman hikima, ko ya fi Ayuba haƙuri, wannan bai halatta ba ko da wasa. Hadisi ya inganta cewa bai kamata wani bawa ya ce ya fi Yunusa ɗan Matta ba.

Alƙali Iyad, wanda ya rasu a shekara ta 544 bayan hijira, ya ware wa wannan mas'ala fasali a Ashshifa, littafin da muke ji a masallatanmu duk azumi. Ya yi magana a kan wanda ba zagi ya nufa ba, amma ya jawo sunan annabi don ya ɗaga kansa ko ya ƙawata magana. Ya kawo cewa an yi wa wani mutum gorin talauci, sai ya ce ai Annabi ma ya yi kiwon tumaki. Imam Malik ya ce ya ambaci Annabi a inda bai dace ba, a ladabtar da shi. Ki lura, gaskiya mutumin ya faɗa, muhallin ne ya ɓaci. Saboda haka a kira ɗalibin da ya kasa amsa tambaya da Solomon don aji ya yi dariya, wannan izgili ne da ya taɓa annabi, dole ki tsawatar.

Akwai guda biyu da nake so ki yi hattara da su ƙwarai. Turawa, musamman matuƙan jirgin ruwa, suna kiran wanda suke ganin yana jawo musiba da Jonah, wato Annabi Yunusa. Wannan ya haɗa camfi da wulaƙanta annabi, haramun ne Musulmi ya siffanta wani da shi. Na biyu, karin maganarsu da ke cewa idan dutse ya ƙi zuwa wurin Muhammadu, Muhammadu zai je wurin dutse. Marubucin Ingila Francis Bacon ne ya kawo labarin a rubutunsa na 1625, kuma ba shi da tushe a sira ko hadisi. Ƙarya ce aka jingina wa Annabi (SAW).

Hercules kuwa tatsuniyar Girkawa da Rumawa ce, suna cewa ɗan ubangijinsu ne. Mai faɗin sunan yau ƙarfi kawai yake nufi, don haka ba ma kafirta shi, amma barinsa ya fi idan akwai wata kalma.

Koyarwa daban take da yarda. Ya halatta ki koya wa ɗalibai dukkansu, har waɗanda aka hana, domin za su gamu da su a jarrabawa da littattafai. Ki faɗa musu ma'ana da asali, ki nuna musu wanda Musulmi zai iya furtawa da wanda zai gane kawai ya wuce. Idan kin zo kan Job ko Solomon, ki ce musu annabawanmu ne, su yi musu salati.

Allah ne mafi sani.