Da safe tana tashi, idan ta yi zafi sai ta ƙi: ina matsalar take?

Tambaya: Ina da Porsche 911 SC ƙirar 1981. Da safe bugu ɗaya take tashi. Amma idan na yi tafiya inji ya yi zafi, na kashe ta kamar minti 20 ko 30, sai na daɗe ina buga sitata kafin ta kama, idan ta kama kuma sai ta yi ta karkarwa na ɗan lokaci. Na canja filogi da batir, babu sauyi. An ce in sayi sabon famfon mai. In saya?

Amsa: Malam, dakata da sayen famfon tukuna. Bayanin da ka yi ya rage mana rabin aiki, domin motar da ke ƙin tashi da sanyi da wadda ke ƙin tashi da zafi ba ciwo ɗaya ke damunsu ba.

Motarka tana amfani da tsarin K-Jetronic na kamfanin Bosch, wanda Porsche ta fara sa wa 911 a 1973 har zuwa ƙarshen SC a 1983. Ba kwamfuta ce ke buɗe injektocinsa, wato bakunan da ke fesa wa inji fetur, ba, matsin fetur ne. Famfo yana tura mai da ƙarfin wajen bar 5 (bar ma'aunin matsi ne), iskar da inji ke zuƙa tana ɗaga wani faifai, faifan kuma yana motsa sandar da ke raba mai zuwa silinda shida. Komai ya rataya a kan matsi, har bayan ka kashe mota.

Da zarar ka kashe mota fankar inji ta tsaya, inji kuwa mai sanyaya kansa da iska ne, zafinsa sai ya hau kan bututun mai da ke kwance a samansa. Fetur da ke ƙarƙashin matsi ba ya saurin tafasa. Idan matsin ya zube, sai ya zama tururi a cikin bututu, tururi kuma ba ya buɗe injekta. Duk bugun sitatar da kake yi, korar tururin nan kake yi. Karkarwar da ke biyo baya kuwa, silindojin ne ke samun mai ɗaya bayan ɗaya. Da safe ba ka ganin haka saboda mai ya huce, sannan akwai injekta ta bakwai da ke fesa ƙarin mai na 'yan daƙiƙu idan inji na da sanyi. Da zafi ba ta aiki, shi ya sa asirin ke tonuwa.

Abin da nake so a yi shi ne a sa gejin matsin mai irin na wannan tsari, mai bawul, tsakanin na'urar raba mai da na'urar da ke daidaita matsi lokacin ɗumama inji. A ɗumama mota, a kashe, a zuba wa allurar gejin ido. Za ta faɗo kaɗan nan take, wannan daidai ne, sannan ta tsaya. Bayan minti 30 ya kamata a ce har yanzu tana sama da bar 1. Idan ta sauka sifili cikin 'yan mintuna, an kama ɓarawo, saura a san ta wace ƙofa ya shiga.

Wanda na fi zargi shi ne akumuleta, wani ɗan gwangwani kusa da matatar mai, mai ɗauke da sifirin da fatar roba a ciki. Aikinsa riƙe matsi bayan famfo ya tsaya. Robar da ta haura shekara 40 tana tsagewa, fetur mai haɗin etanol kuma yana ƙara cin ta. A cire tiyon da ke gindinsa a toshe, a kunna famfo: idan mai ya tsiyayo daga gindin gwangwanin, robar ta fashe. Na biyu shi ne ƙaramin bawul da ke bakin famfo, wanda ke hana mai komawa tanki. A yawancin waɗannan famfuna ana kwance shi a canja shi kaɗai, shi ya sa ban yarda a jefar da famfo mai lafiya saboda shi ba. Daga nan sai zoben roba na cikin na'urar raba mai, sai injekta mai ɗiga. Ita mai ɗigar tana da alamarta: warin ɗanyen fetur, baƙin hayaƙi daga salansa lokacin tashi, kuma motar takan fi saurin kamawa idan ka taka totur har ƙasa.

Idan geji ya nuna matsi na tsaye daram, to a koma kan wuta. Akwatin wutar Bosch na motarka yana yin wani siririn kuka idan ka buɗe makulli. A daidai lokacin da ta ƙi tashi, saurara ko kukan na nan, a kuma duba ko filogi na ba da tartsatsi, don akwatin da koyil sukan gaza da zafi su dawo idan sun huce. A duba tiyoyin iska ma, tsagewa kaɗan tana shigar da iskar da faifan bai auna ba.

Roƙona biyu ne. Kada ka bar kowa ya taɓa sukurun daidaita mai na milimita 3 da ke kusa da na'urar raba mai kafin a auna matsi. Murɗa shi yana rufe alamar ne kawai, ya kuma ɓata lissafin da ke daidai. Sannan fetur mai matsin bar 5 kusa da inji mai zafi wuta ce a kusa. A yi aikin a fili, da abin kashe gobara a hannu, a naɗe mahaɗa da tsumma kafin a kwance. Kada a ɗaga faifan iska da hannu alhali famfo na aiki sai na ɗan ƙiftawa, domin injektoci za su cika silinda da mai, buga sitata a haka kuma na iya lanƙwasa sandar fistin.