Mijina ya hana ni zuwa gwajin ciwon daji (kansa), ya ce rashin tawakkali ne

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah shi ƙara basira. Ni daga unguwar Birni nake nan Damagaram, shekarata 41. An yi shela mata su je a duba musu mama da bakin mahaifa saboda kansa, na nemi izinin maigida ya ce ba inda zan je, wai lafiyata lau me zai sa in je tonon cuta in buɗe tsiraicina, kuma wai rashin tawakkali ne. Yayata ciwon mama ne ajalinta. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ji ƙan yayarki, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Zuwa gwajin nan halas ne, ga irinki ma da 'yar'uwa ta jini ta yi ciwon abin so ne a shari'a, in kuwa mace ta ji ƙullutu a mama, ko kan nono na fidda jini, ko tana ganin jini bayan saduwa ko bayan al'ada ta ɗauke gaba ɗaya, to zuwa ya zama wajibi kuma miji ba shi da hurumin hanawa.

Zancen tawakkali maigidanki ya juya shi. A hadisin Usama bin Sharik da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a nemi magani, ya ce Allah bai sanya cuta ba sai da ya sanya mata magani, ban da tsufa. Sayyidina Umar da ya ji annoba ta ɓarke a Sham juyawa ya yi da jama'a, Abu Ubaida ya ce gudun ƙaddarar Allah za ka yi? Umar ya ce muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Wa ya fi Umar tawakkali cikinmu? Kuma gwaji ba ya kawo cuta, abin da yake nan ne yake nunawa.

Sai cewar lafiyarki lau. Ai matsalar kenan, wannan ciwo farkonsa ba zafi ba zazzaɓi. Kansar bakin mahaifa ƙwayar cuta mai suna HPV ke jawo ta kuma tana ɗaukar shekara 10 zuwa 20 kafin ta zama kansa, duk tsawon lokacin nan saj-fam, wato ungozomar asibiti, na iya shafa ruwan binigar a wurin, in ya yi fari a magance shi tun bai kai ko'ina ba. Hukumar lafiya ta duniya ta ce mace ta fara wannan gwaji daga shekara 30, mai ɗauke da sida daga 25. In aka bari sai ya fashe yana wari, an gama yawon masu saiwa da tofi, sannan a ɗauko ta a bis kusan kilomita 900 zuwa cibiyar kansa ta Yamai, an sayar da gona an sayar da bisashe, maganin kuma ya zo a makare. Saboda haka buƙatar a nan ta gaske ce, malaman usulu (tushen fiƙihu) kuwa sun ce buƙata tana sauka matsayin lalura.

Amma lalura gwargwadonta ake ɗauka. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen musulmi a zamanta na Burunai a 1993 ta jera abin: likita mace musulma, in babu mace wadda ba musulma ba, in babu sai namiji musulmi, in babu sai namiji wanda ba musulmi ba, ba keɓewa, miji ko muharrami ko wata mace amintacciya na wurin, kuma iya inda za a duba kawai ake buɗewa. Alhamdu lillahi a matanite (asibitin haihuwa) da CSI (ƙaramin asibitin unguwa) yawanci mata ne ke wannan aiki, ki nemi mace, haƙƙinki ne.

Shi kuma maigida, Allah shi shirye mu, ciyarwa da tufatarwa ba su kaɗai ne zama da kyautatawa ba. Ya ɗauke ki a babur ya kai ki, ya zauna a benci ya jira, in ya ga dama ma ya miƙa hannu a ɗebi jininsa, don mu maza mun fi kowa gudun asibiti, mutum ya tashi fitsari sau biyar a dare yana ɗiga kaɗan-kaɗan ya ce sanyi ne. Wanda ya kai 45 zuwa 50 ya tambayi lokotoro gwajin PSA, wato gwajin jini na prostat, ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, sannan kowa ya yi analiz na ciwon hanta nau'in B, shi ke kai maza da yawa ga kansar hanta kuma yana da rigakafi. Ɗibar jinin gwaji ba ta karya azumi.

Kada ki fita a ɓoye tunda ba ki ga alama ba. Ki nuna masa amsar nan, in ya ƙi ki sa limamin unguwa ko wani babba da yake jin kunya ya yi masa magana. Wallahu a'alam.