Dashen Haƙori: Shin Babbar Ƙusa Ta Fi Ƙarama Daɗewa?

Tambaya: Shekara 3 ke nan da aka cire mini turmi na ƙasa. Na je a yi mini dashe, likita ya duba hoton radiyo ya ce ƙusa mai tsawon milimita 8 zai saka, alhali ta ƙanena milimita 13 ce. Shin tawa ba za ta riga tasa lalacewa ba? Daga wani ɗan kasuwa a unguwar Zariya, Maraɗi.

Amsa: Alhaji, ba a zaɓen ƙusar dashe don ta fi ta wani girma, ƙashin muƙamuƙin mai ita ne ke yanke hukunci. Ƙusar, wadda ake kafawa cikin ƙashin muƙamuƙi a ɗora mata sabon haƙori, ta ƙarfen titaniyom ce, kuma abin da ke riƙe ta shi ne ƙashi da ke tsirowa ya manne da jikinta cikin wata 3 zuwa 6. Likitan Suwidin Per-Ingvar Brånemark ne ya gano wannan mannewa, ya kuma yi wa mutum na farko dashe a 1965. A wancan zamani an fi yarda da dogayen ƙusoshi, amma tun da aka fara ƙera su da kaushin jiki, wanda ƙashi ya fi saurin kamawa, gajeru suka samu karɓuwa.

Ka lura da turken da aka ɗaure wa rago: idan ragon ya yi ta fizga, ƙasar da ke bakin turken ce ke fara sassautawa, ba ta can ƙasan rami ba. Haka nauyin tauna yake taruwa a ƙashin da ke kewaye da wuyan ƙusa, a milimitocin farko, shi ya sa kaurin ƙusa ya kan fi tsawonta tasiri wajen raba nauyi. Kaurin da aka saba da shi kusan milimita 4 ne. Siririya, wadda ba ta kai 3.5 ba, ta dace da haƙoran gaba na ƙasa inda wuri ya matse, amma idan aka ɗora mata aikin turmi, mai fama da goro da aya da kilishi, tana iya karyewa. Mai kauri ma tana da nata aibin, domin idan ba a bar aƙalla milimita 1.5 na ƙashi a gefenta ba, ƙashin zai zaizaye, dasashi ya ja baya, ƙarfe ya bayyana.

Game da tsawon da ya dame ka, akwai jijiya da ke ratsa muƙamuƙin ƙasa a ƙarƙashin turame, kuma ƙa'ida ita ce a bar tazarar milimita 2 tsakaninta da ƙarshen ƙusa, don taɓa ta na iya jawo mutuwar leɓe da haɓa na dogon lokaci. Ga shi kuma ka daɗe da giɓi, ƙashi kuwa yana raguwa bayan cire haƙori, har faɗinsa kan iya raguwa da kusan rabi cikin shekarar farko. A ganina likitanka ya yi hankali. Ana iya ƙara ƙashi don a samu wurin doguwa, sai dai wannan ƙarin tiyata ne, da ƙarin kuɗi da watannin jira, kuma ban cika ba da shawararsa ba idan milimita 8 za ta zauna daram.

Fiye da 90 cikin 100 na dashe suna kaiwa shekara 10, waɗanda suka faɗi daga baya kuwa galibi kumburin dasashi da ke cin ƙashin kewayen ƙusa ne ke kayar da su. Shan sigari, ciwon sukari da ba a kula da shi ba, da gurza haƙora cikin barci duk suna gaggauta hakan. Kafin ranar aiki ka nemi a yi maka sikana mai nuna faɗin ƙashi, wanda hoton radiyo ba ya nunawa, a auna sukarin jininka, sannan ka tambayi likita kaurin ƙusar da ya zaɓa da dalilinsa.