Tambaya da Amsa: Wane kiɗa zan saka kaina ya huta bayan na taso daga kasuwa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Yaya, barka da ƙoƙari. Ni ɗinki nake yi a wani shago kusa da kasuwar Sheikh Gumi, tun safe har wajen magariba kunnena baya hutawa, ga ƙarar kekunan ɗinki ga janareton maƙwabta ga masu tallan magani da sifika, in na taso kuma ga hon ɗin 'yan keke napep tun daga Ahmadu Bello Way har Kawo. Sai na yi isha na kwanta inji kaina yana ta zuuu. Na gwada saka waƙoƙin finafinanmu amma sai in tsinci kaina ina bin baitin, baccin ma ya gudu. Kwanaki na hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja, wata baiwar Allah da muka zauna tare ta miƙo min kunne ɗaya na iyafis ɗinta, wani kiɗa ne a hankali, ba murya ba ganga, wallahi ban san lokacin da bacci ya ɗaukeni ba, kuma kunya ta hanani tambayarta sunansa. Dan Allah wane irin kiɗa ne wannan kuma da wa zan fara? A taimaka a duba min batun data ma don ta yi tsada.

Ƙanwarka daga Kawo

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da fama, Allah ya sa albarka a sana'a. Daga yadda kika kwatanta shi, abin da kika ji a jirgin nan shi ne wanda ake kira ambient, haka zaki rubuta shi in kina nema. Kuma dalilin da yasa waƙar fim ta ƙi yi miki a fili yake: duk inda akwai kalmomi da yaren da kike ji, ƙwaƙwalwa sai ta bi su, ga amshi yana dawowa kina jiransa, ga ganga tana motsa ƙafa. Shi wannan an cire duk abubuwan nan, sauti ne kawai mai jan numfashi, yana canzawa kaɗan kaɗan yadda babu abin da zaki tsaya jira.

Abu na farko da zan roƙe ki, kar ki shiga YouTube ki rubuta relaxing music ki danna na farko da ya fito. Da yawansu bidiyo ne na awa goma da hoton korama, 'yan mintoci ne aka yi ta maimaitawa, wasu har da rubuta cewa mita kaza tana warkar da cuta kaza, wanda ba magani bane kuma kar ki ɗauke shi a haka. Su cinye miki data, tsakar dare kuma talla ta faso da ƙarfi ki farka a firgice. Ki nemi suna, mutum ɗaya da ya zauna ya yi abinsa da gaske, in ya yi miki sai ki bi sawunsa zuwa na kusa da shi.

Ni da maƙwabtanmu zan ce ki fara, da Mamman Sani na Nijar. A 1978 ya fitar da kaset mai suna La Musique Electronique du Niger, shi kaɗai da piyanon lantarki ɗan Italiya, kwafi kaɗan aka buga, amma mutanen Nijar sun daɗe suna jin kiɗansa a rediyo da talabijin tsakanin shiri da shiri. Sai a 2013 wani kamfanin faifai na Amurka mai suna Sahel Sounds ya sake fito da shi duniya ta ji. Abin da yasa nake son ki fara da shi, karin da yake bugawa na yankinmu ne, ya ɗauko daga waƙoƙin gargajiya na Fulani da Buzaye da sauransu ya zuba a na'ura, saboda haka kunnenki bazai ji baƙunta ba, zaki ji kamar kin taɓa saninsa ko da baki taɓa ji ba. Akwai ɗan bugun na'ura a ƙasa, tik tik a hankali, baya tada hankali. Ki nemi wanda ake kira Salamatu a ciki ki fara da shi. Kuma kinga dama mu kiɗan na'ura ba sabon abu bane a wajenmu, waƙoƙin finafinan da kika ambata ai da piyano ake haɗa su a sutudiyo, bambancin kawai can ana so ki taka ne, nan ana so ki zauna. In Mamman Sani ya shige ki, akwai wani matashi a Yamai mai suna Hama, shima Sahel Sounds ne suka fitar masa da Houmeissa a 2019, amma nasa ya fi sauri, na lokacin da kike yanka ko guga ne, ban baki shi na kwanciya ba.

Daga nan sai wanda ya raɗa wa abin suna, Brian Eno ɗan Ingila. Shima a 1978 ɗin ya fitar da Ambient 1: Music for Airports, tunanin ya zo masa ne yana zaman jira a filin jirgin sama na Kolon a Jamus, ya ga wajen ya yi kyau amma kiɗan da ake sakawa baya kwantar da hankalin mai jira. Yadda ya haɗa shi abin sha'awa ne: zaren kaset ya yanka ya haɗa bakinsa ya zama zobe, kowane zobe da nasa tsawon, ya sake su suna juyawa tare, tunda tsawonsu ba ɗaya ba sai sautukan su riƙa haɗuwa a wurare daban daban, baki taɓa cewa ga inda ya koma farko. Kashi huɗu ne, na farkon mafi yawansa piyano ne, wajen minti 17, kuma shi nafi zaton zai kama ki. Shi da kansa abin da yake nufi kiɗa ne da in kin so ki saurara in kin so ki manta yana yi, don haka kar ki ƙure sauti, ki bar shi ƙasa ƙasa.

Wanda ni dai nafi komawa gare shi kuwa Hiroshi Yoshimura ne ɗan Japan, musamman Green na 1986, da kuma Music for Nine Post Cards na 1982. Ya rasu tun 2003, mafi yawan masu jinsa a waje sai bayan rasuwarsa suka san shi, ta YouTube. Nasa fes yake, ba nauyi ba baƙin ciki, sautukan suna ɗigowa ɗaya bayan ɗaya kamar ruwan indararo bayan an ɗauke ruwan sama, akwai ma bugun Green ɗin da aka haɗa da ƙarar ruwa da tsuntsaye. In da zan yi caca da abin da matar jirgin nan ta saka miki, wajen nan zan nuna.

Sai dai in gargaɗe ki, ba duk ambient bane ke kwantar da rai. Zaki ga ana ta yabon Selected Ambient Works Volume II na Aphex Twin, na 1994, kuma ya cancanci yabon, amma wasu sassansa duhu gare su, mutum shi kaɗai a ɗaki an ɗauke wuta sai ya ji tsigar jikinsa na tashi. Ki bar shi sai da rana. Haka KMRU ɗan Nairobi, wanda ke ɗaukar ƙarar titi da unguwa yana saƙawa cikin kiɗansa, Peel ɗinsa na 2020 yana da zurfi sosai kuma ina alfahari ɗan Afirka ne ya yi shi, amma ke da hayaniyar kasuwa kike gudu, ki ɗan saba tukuna.

In kuma kika ji na'ura zalla ta yi miki sanyi da yawa kina son hannun mutum a kan tsirkiya, ki nemi New Ancient Strings na 1999, Toumani Diabaté da Ballaké Sissoko 'yan Mali, kora biyu kawai, wato wani abin kiɗan gargajiya da ake yi da ƙwarya, kowacce tsirkiya 21, ba murya. Duk wanda ya taso yana jin gurmi ko garaya zai gane hanyar nan take. Ko piyanon Emahoy Tsegué-Maryam Guèbrou, wata tsohuwa 'yar Habasha da ta rasu a 2023 tana da shekara 99. Waɗannan ba na lantarki bane, amma aikin da kike nema suna yinsa.

Toh batun data. Bidiyo ne ke cin kuɗi, sauti kaɗai baya ci sosai. In kika saka ingancin sauti a 96 kbps, awa ɗaya wajen MB 43 ce, kinga da giga ɗaya zaki yi sama da awa ashirin kina ji. Ki shiga saitin manhajar ki rage ingancin, irin wannan kiɗan a ƙaramar sifika bazaki ji bambanci mai yawa ba. Spotify ya shigo Najeriya tun 2021, yana da na kyauta amma da talla, kuma sai kin biya zaki iya saukewa a waya. Kayan Sahel Sounds suna Bandcamp, wani shafin sayar da kiɗa a intanet, zaki iya saurare kafin ki saya. Akwai kuma wata rediyon intanet mai suna SomaFM daga Amurka, kyauta ce kuma ba talla ko ɗaya don masu saurare ne ke ɗaukar nauyinta, tashar Drone Zone ita ce ta kwanciya, Groove Salad kuma mai ɗan bugu a hankali ce ta zaman yamma. Amfaninta na biyu, tana nuna sunan abin da ake bugawa, duk wanda ya yi miki sai ki rubuta ki ajiye, da haka zaki tara naki ba sai kin sake tambayar kowa ba. Duk abin da zaki sauke ki bari sai da datar dare mai arha. Zaki ci karo da Sleep na Max Richter na 2015, wanda aka yi don a kwana ana ji, ya haura awa takwas, lissafin ɗazu ya kai wajen MB 350 a dare ɗaya, ki ji farkonsa kawai ya isa. Ki saka agogon kashewa na manhajar a minti 30 ko 45, data ta huta caji ma ya huta.

Yanzu abin da yafi damuna a wasiƙarki, wannan zuuu ɗin. In gajiya ce kawai, da kin huta zai tafi. Amma in kullum ne, ko kina jin ƙara ko shuuu a cikin kunnen ko da wajen ya yi tsit, ko kina yawan cewa kwastoma su maimaita magana, dan Allah kar ki rufe shi da kiɗa, ki je a duba. Mun yi sa'a cibiyar kula da kunne ta ƙasa, National Ear Care Centre, a nan Kaduna take, ba sai kin yi tafiya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya jure ƙara mai ƙarfin desibel 80 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) na awa 40 a sati, in ta haura haka lokacin raguwa yake da sauri, kuma ke kin riga kin cinye kaso mai yawa a kasuwa tsakanin janareto da sifika. Shi yasa ban so ki dawo gida ki sake cusa iyafis ki kwana da shi. Ki ajiye wayar ko ƙaramar sifika a gefen gado, sautin ya zama in wani ya yi miki magana a hankali zaki ji shi. A shagon kuma ki nemi abin toshe kunne na soso a kemis, ba tsada, ki riƙa sakawa lokacin da aka tada janareto.

TAMBAYA

Malam, ni bana jin kiɗa saboda fahimtata ta addini, amma janareton maƙwabcina a Tudun Wada yana hanani bacci har ƙarfe ɗaya. Akwai abin da zan saka wanda ba kiɗa ba?

Ɗan'uwanka daga Tudun Wada

AMSA

Akwai sosai ɗan'uwa, kuma babu kayan kiɗa ko ɗaya a ciki. Ka nemi ƙarar ruwan sama ko ta kogi wadda aka ɗauka da gaske, sai dai ka duba da kyau kafin ka sauke don wasu suna lafta piyano a ƙarƙashi. Akwai shafin myNoise da wani injiniyan sauti ɗan Beljiyam ya buɗe, yana baka dama ka ƙara ko ka rage kowane ɓangare na ƙarar da hannunka har ta dace da ɗakinka. Tunda matsalarka janareto ce, shi gurnaninsa mai kauri ne, ka nemi wadda ake kira brown noise, ita ma kaurin gare ta shi yasa ta fi rufe shi, white noise siririya ce tana shiii, gurnanin zai riƙa ratsowa ta ƙarƙashinta. Sifikar waya bata iya fitar da sauti mai kauri, saboda haka ka haɗa da 'yar sifikar bulutut ka ajiye ta ta ɓangaren tagar da ƙarar ke shigowa. Fanka mai caji ma tana yin rabin aikin. Sannan ka samu maƙwabcin naka cikin mutunci bayan sallah, ku duba ko za a matsar da janareton daga jikin bangonka ko a ɗora shi kan tsohuwar taya, don wani lokacin girgizar da ke bin ƙasa da bango ita ce ke hana baccin fiye da ƙarar kanta.